Gyaɗa, Kashu, Aya da Danginsu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Asalinsu, Amfaninsu da Hatsarinsu

Kwanan nan manyan shaguna a Kano, Kaduna, Abuja da Yamai sun cika da ledoji masu ƙyalli na almon, fustuƙ da kashu, masu talla a Facebook da TikTok kuma suna jingina musu maganin kowace cuta. Ita kuwa gyaɗarmu da ake ɗurawa a kwalba a bakin titi, wasu sun fara yi mata kallon abincin talaka mai kawo ƙuraje. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan wannan al'amari, da amsoshinsu.

Waɗanne abubuwa ne ake magana a kansu?

Ƙwayoyi masu mai da ake fasa ɓawonsu a ci. Wasu a bishiya suke fitowa, kamar kashu, almon, wolnot, fustuƙ da makadamiya. Gyaɗa kuwa dangin wake ce: tana fure a sama, sannan furen ya miƙa wani ɗan tsinke ya nutsa cikin ƙasa, a can take yin 'ya'ya. Aya ma ba 'yar itace ba ce, saiwar wata ciyawa ce. Masana abinci suna haɗa gyaɗa da 'yan bishiyar wuri ɗaya saboda abin da ke cikinsu kusan iri ɗaya ne. Aya da goro al'ada ce ta kawo su cikin zancen, kuma za a zo kansu a ƙasa.

Wai da gaske gyaɗa ba 'yar Afirka ba ce?

Da gaske ne. Asalinta Kudancin Amurka, yankin da a yau ya haɗa Bolibiya da Faragwai da arewacin Ajantina, inda aka yi dubban shekaru ana noma ta. Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma daga Birazil a ƙarni na 16. Ta samu karɓuwa da wuri domin manoma sun riga sun saba da gurjiya, wadda ita ce 'yar gida, kuma ita ma a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya.

Abin da ya mai da ta dukiyar ƙasar Hausa shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawan Ingila auduga suke so a noma musu domin masaƙunsu, amma manomi ya yi lissafinsa: gyaɗa ta fi kuɗi, tana gyara gona, harawarta abincin dabbobi ce, kuma idan kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Cikin 'yan shekaru buhuna suka fi ƙarfin taragon jirgi, aka shiga jera su ana yin dala. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja, ya zama babban mai sayen gyaɗa na kamfanonin Turawa har zuwa rasuwarsa a 1955. A shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, a ƙetaren iyaka kuma Maraɗi da Damagaram da ita suke taƙama. Farin farkon shekarun 1970, da annobar cutar da ke nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975, da kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, su suka rushe dalar. Noman dai bai mutu ba. Har yau Najeriya da Sudan da Senegal suna cikin manyan masu noman gyaɗa, bayan Sin da Indiya, sai dai yawancinta a gida ake cinyewa.

Sauran fa, daga ina suka fito?

Kashu, wanda wasu ke kira yazawa, ɗan arewa maso gabashin Birazil ne, shi ma 'yan Fotugal ne suka kai shi Indiya da Afirka. A yau Kwadebuwa ce ta fi kowa noma shi, a Najeriya kuma jihar Kogi da yankin Ogbomosho sun yi suna. Abin takaici, mafi yawansa da ɓawonsa ake lodawa zuwa Biyetnam da Indiya, a can a fasa a gyara, wani ma ya dawo mana a leda da tsada.

Almon, wolnot da fustuƙ 'yan yankin Farisa da tsakiyar Asiya ne. Almon ɗin da ke kasuwar duniya, kusan kashi 80 cikin 100 daga jihar Kalifoniya ta Amurka yake zuwa. Fustuƙ, wanda alhazai ke kawowa tsaraba tare da dabino, Amurka da Iran da Turkiyya ne manyan masu noma shi. Hazalnot da ake sawa a cakulan, fiye da rabinsa daga gaɓar Baƙin Teku ta Turkiyya yake fitowa. Makadamiya 'yar Ostareliya ce, amma Afirka ta Kudu da Kenya sun rungumi nomanta.

Me ke cikinsu da ke amfanar jiki?

Abu na farko mai ne, kuma mai irin wanda ba ya daskarewa, wanda ke taimakawa wajen rage mugun kolestarol a jini idan shi aka ci a madadin kitsen dabba. Giram 100 na gyaɗa yana ɗauke da mai kusan giram 49, furotin kusan giram 26, da kalori 567 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Almon yana da furotin giram 21, kashu 18, wolnot 15. Ke nan a fannin furotin, abin da ke gina jiki, gyaɗa ta wuce su duka.

Bayan haka akwai dusar da ke gyara hanji, da bitamin E, da magnesiyam, da fotasiyam. Kowace tana da inda ta yi fice. Almon ya fi bitamin E. Wolnot ya fi mai nau'in omega-3. Kashu na da sinadarin ƙarfe da zink. Gyaɗa na da niyasin da folet, wanda mai juna biyu ke buƙata ƙwarai a farkon ciki. Akwai wata ƙwaya ta dajin Amazon, gyaɗar Birazil, da seleniyam ya yi mata yawa har guda ɗaya kan ishi mutum a yini, yawan cin ta kullum kuma na iya sa gashi zubewa da farce karyewa.

An yi bincike a kan wannan, ko dai zancen 'yan talla ne?

An yi, kuma manya. A Sifaniya an gudanar da gwajin da ake kira PREDIMED a kan mutum sama da 7,400 masu haɗarin ciwon zuciya. Wani rukuni an ba su giram 30 na wolnot da almon da hazalnot kowace rana tare da abincin yankin Bahar Rum. An wallafa sakamakon a 2013, aka gano kurakurai wajen rarraba wasu mahalarta, aka sake lissafi aka sake wallafawa a 2018, kuma sakamakon ya tsaya kusan yadda yake: bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a wannan rukuni idan aka kwatanta da waɗanda aka ce su rage mai kawai.

A 2013 masu bincike na Jami'ar Harvard sun fitar da nazarin mutum kusan 119,000 da aka bi diddiginsu har tsawon shekaru 30. Masu cin waɗannan ƙwayoyi kullum, mutuwa a cikinsu ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a tsawon lokacin nazarin idan aka kwatanta da waɗanda ba sa ci. Irin wannan nazari alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa ƙwayoyin kaɗai ne dalili, domin mai cin su kan kasance yana kula da kansa ta wasu hanyoyin. Duk da haka, idan aka haɗa shi da gwaje-gwajen da suka nuna kolestarol na sauka, hujjar tana da ƙarfi. Abin da babu hujjarsa shi ne cewa suna warkar da ciwon daji ko ciwon suga. Duk wanda ya ce maka ka ajiye maganin asibiti ka koma almon, yana wasa da ranka ne.

Dole sai na sayi almon ko wolnot kafin in samu wannan amfanin?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da na fi so kowa ya riƙe. A nazarin Harvard an raba masu cin gyaɗa da masu cin 'yan bishiya, aka ga amfanin ya yi kama. A 2015 an sake wallafa wani nazari na mutum kusan 200,000, wasu masu ƙaramin ƙarfi ne daga kudancin Amurka, yawancinsu baƙaƙen fata, wasu kuma mazauna birnin Shanghai, inda gyaɗa ce akasarin abin da suke ci. Nan ma an ga ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya a cikin masu cin ta.

Kuɗin ƙaramar ledar almon zai saya wa gida mudun gyaɗa har da canji. Wanda Allah ya hore wa, ya ci kowace iri, bambancin yana da kyau. Amma magidancin da ke fama da cefane kada ya ji cewa an bar iyalinsa a baya. Kunun gyaɗa da safe, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli da rana, miyar taushe da aka kaɗa da gyaɗa da dare, wannan tsari ne da iyayenmu suka daɗe a kansa tun kafin a san sunan furotin.

Nawa ya kamata a ci a rana? Ba sa sa ƙiba?

Cikin tafin hannu ɗaya, kusan giram 30, wato kalori 170 ko kusa da haka. Nazarce-nazarce ba su nuna cewa mai cin wannan adadi yana ƙara ƙiba ba, domin suna riƙe ciki, kuma idan an tauna su guda-guda wani ɓangare na man yana wucewa jiki bai tsotse shi ba. Matsalar ita ce a zauna hira da kwalba a gaba, a tashi ta kai rabi. Zuba abin da za ka ci a hannu ko a ɗan kofi, ka rufe kwalbar. Kuma a ci su a madadin biskit, cincin da lemon kwalba, ba a ɗora su a kai ba.

Mai ciwon suga ko hawan jini zai iya ci?

Zai iya. Gyaɗa, almon da wolnot ba sa ɗaga sukarin jini da sauri. Abin lura shi ne abin da aka haɗa su da shi. Kantun gyaɗa, hallaka-kwabo da gyaɗar da aka lulluɓe da fulawa da suga alewa ce, kuma kunun gyaɗar da aka dama da shinkafa aka zuba suga cokali uku ba abin mai ciwon suga ba ne. Mai hawan jini ya nemi marar gishiri, dafaffiya ko wadda aka soya da yashi. Mai ciwon ƙoda kuwa, ko wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, ya tambayi likitansa tukuna, saboda fotasiyam da fosfaras da okzalet da ke cikinsu, musamman almon da kashu.

Me ya sa ake cewa a tofar da gyaɗa mai ɗaci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wajenmu. Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara idan zafi da laima suka haɗu, tana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, aka bi sawu aka tarar da tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Birazil. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan guba a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji ga ɗan Adam. Hanta take ci a hankali, shekara da shekaru. Idan mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu, haɗarin kansar hanta yana ninkawa sau da yawa. An kuma danganta ta da tsumburewar yara. Idan ta yi yawa a lokaci guda tana kisa nan take: a Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta kamu.

Wuta ba ta kashe ta. Suya da dahuwa suna ɗan rage ta ne kawai. Kuma ba kullum ake ganinta da ido ba, ko da yake ƙwayar da ta yamushe, ta yi baƙi ko kore, ko ƙwaro ya huda ta, ko take ɗaci da warin ruma, ita ta fi ɗauke da ita. Don haka tsince gyaɗa a faifai kafin a soya ko a kai niƙa aikin ceton rai ne. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan gubar da ke cikin buhu.

Abin da ke damuna shi ne inda tsintar ke zuwa. Sau da yawa ba a zubar da ita, ana sayar da ita da araha ga masu yin ƙuli da mai, ko a ba awaki da kaji, ko a bar wa yara. Saniya ko akuyar da ta ci, gubar tana fitowa a nononta. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce maikirogiram 4 (wato kashi 4 cikin miliyan na giram ɗaya) na wannan guba a kilo guda, ke nan mai kyau ta tafi waje, ragowar ta tsaya a kasuwarmu. A binne tsintar ko a ƙone ta. A kuma tabbatar an yi wa jariri allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tun ranar haihuwa, manya kuma su je a gwada su.

To yaya manomi da uwargida za su kare gyaɗarsu?

A tuge ta da zarar ta nuna, kada a bar ta a ƙasa bayan ruwa ya ɗauke, domin ƙishin ƙarshen damina yana raunana ta fumfuna ta shiga. A kife tushen 'ya'yan suna kallon rana. Bayan an tsinke a shanya a tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa tsirara ba, har sai an girgiza kwanso an ji ƙwayar tana ƙara a ciki. Kada a yayyafa mata ruwa don a ji sauƙin ɓarewa ko don ta yi nauyi a sikeli. A ajiye ta da ɓawonta, buhu a kan katako, nesa da bango, a ɗaki mai iska. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani abu mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin fure. Fumfuna ce marar guba da ke mamaye gurbin mai gubar.

A gida kuma a sayi daidai abin da za a cinye cikin 'yan makonni. Soyayyiya a kwalba mai murfi, nesa da rana. Wolnot ya fi saurin lalacewa a zafinmu, wurinsa firji.

Ƙuli-ƙuli yana da sauran amfani bayan an matse mai?

Sosai ma. Da mai ya fita, furotin ne ke taruwa, har yakan kai kusan ninki biyu na wanda ke cikin ɗanyar gyaɗa, gwargwadon yadda aka matse. Shi ya sa yajin tsire da labun kilishi da garin kwaɗo suke riƙe ciki. Ingancinsa ya dogara da gyaɗar da aka yi shi da ita, kuma gubar da aka ambata a tunkuza ta fi zama. Sayi wajen wadda kika san tana tsince gyaɗarta.

Yara fa?

Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko kashu guda-guda. Ƙwaya ɗaya na iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi, kuma likitocin yara sun san wannan sarai. A niƙa a sa a kunu ko fate, daga wata 6 lokacin da aka fara ba shi abinci.

Wasu yara jikinsu ba ya jituwa da gyaɗa: borin jini, kumburin leɓe da fuska, amai, ko numfashi da ƙyar jim kaɗan bayan ci. Idan abin ya taɓa numfashi, asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A da ana cewa a jinkirta ba jarirai gyaɗa, amma gwajin da aka yi a Landan a kan jarirai 640, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa fara ba su da wuri ya rage wannan matsala da kusan kashi 80 cikin 100. Jaririn da ke da ƙyasbi mai tsanani ko wanda ƙwai ke tayar masa da bori, a ga likita kafin a fara.

Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa, Plumpy'Nut, tushensa gyaɗa ce da garin madara, suga, mai da bitamin. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a yunwar Nijar ta 2005, musamman a yankin Maraɗi, aka ga aikinsa a kan dubban yara. Leda ɗaya kalori 500 ce. Magani ne na yaro marar lafiya, babban da ya saye shi a kasuwa ya shanye ya ci haƙƙin wannan yaron.

Kunun aya yana ƙara ƙarfin maza kamar yadda ake faɗa?

Binciken da aka yi a kan wannan yawanci a jikin ɓeraye ne, ba a tabbatar da shi a jikin mutane ba. Abin da aka tabbatar shi ne aya na da dusa mai yawa da ke sauƙaƙa bayan gida, da mai irin na zaitun. Tsohon abinci ce, an same ta a kaburburan Misira ta dā, kuma a Balansiya ta Sifaniya suna yin irin kununmu da ita, har suna sayen aya daga Nijar da maƙwabtanta. Idan an tace, yawancin dusar na tafiya da tuƙar, don haka tauna ta ko cin daƙuwa ya fi ba da ita. A rege ta da kyau saboda tsakuwa, haƙora da yawa sun tafi a nan. Kunun, musamman mai dabino da kwakwa, yana lalacewa cikin 'yan sa'o'i idan ba sanyi. Gorar da ta kumbura ko ta yi tsami, a zubar.

Gaskiya ne shan madara bayan cin kashu yana kisa?

Babu hujjar haka. Ruwan 'ya'yan kashu yana da tsami da bauri, yana iya sa madara ta tsinke kamar yadda lemon tsami ke yi, wani ya ji cikinsa ya ɓaci, iyakarta ke nan. Haɗarin gaske a ɓawon ƙwallon yake. Yana da wani mai da ke ƙona fata ya tayar da bororo, hayaƙinsa kuma na cutar da ido da maƙogwaro. A hana yara cizon ƙwallon, masu gasawa kuma su yi a fili iska na kaɗawa. Wanda ake sayarwa a leda, ko an rubuta ɗanye ne, an riga an turara shi.

Gyaɗa na kawo ƙuraje da shawara?

Ba a samu tabbacin cewa gyaɗa na kawo ƙurajen fuska ba. Idan kai ka lura tana tayar maka, ka rage. Shawara kuwa alama ce ta matsala a hanta, a jini ko a hanyar matsarmama, kamar ciwon hanta, sikila ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Gyaɗa mai kyau ba ta kawo ta. Wanda idonsa ya yi rawaya gwajin jini yake buƙata, daina cin mai kaɗai ba zai gano masa dalili ba.

Goro yana cikin wannan sahu?

Ba ya ciki ta fuskar gina jiki, domin ba shi da mai ko furotin na a zo a gani. Ɗan kurmin Afirka ta Yamma ne, kuma saboda shi fatakenmu suka yi ƙarnuka suna tafiya Salaga a ƙasar Gwanja da jakuna. Abin da ke cikinsa kafeyin ne, sinadarin da ke cikin kofi (gahawa), shi ke kore barci da yunwa. Matsayinsa a ɗaurin aure da suna da gaisuwar manya ba ya buƙatar bayani. Amma mai hawan jini, mai gyambon ciki, mai bugun zuciya da sauri, mai juna biyu da wanda barci ke yi wa wuya su taƙaita, kuma kada su ci shi bayan la'asar.